Taɓarya Ta Uku

Takardar ta shigo gidanmu ne a cikin hular maigidana, an ninke ta huɗu, ta sha gumi har gefenta ya yi laushi. Ya shimfiɗa ta a bayan ƙwarya a tsakar gida, ya danne da ɗan dutse, ya ce in zo in gani, amma kada in taɓa da hannun daka.

Na goge hannu na duƙa. Layuka ne biyar-biyar a miƙe kamar kunyoyin gona, an zuba masu baƙaƙen ɗigo masu wutsiya, sai ka ce ƙananan ludaya aka rataye a igiyar shanya. Wasu sama, wasu ƙasa. Na can sama ba ma ɗigo ba ne, gicciye ne.

"Kiɗa ne," in ji shi.

"To ina gangar?"

"Gangar tana Dutsin-Ma. Wannan abin da za ta faɗa ne."

Maigidana, wanda duk Rawayau ke kira Rabe Mai Ganga, makaɗin noma ne, ubansa ma haka. In an yi gayya da damina shi ke bin bayan manoma da ganga a rataye, yana buga wa kowa takensa har ƙarti su manta da yunwa. Wani tsohon soja, Saje Labaran, ya ji kiɗansa a wani biki a Kurfi, ya sa aka kira mashi shi. Sajen ya daɗe cikin 'yan badujalar soja, da ya dawo gida aka ba shi aikin haɗa wa 'yan doka tasu ƙungiyar kiɗa a Dutsin-Ma. Masu begila sun samu. Saura mutum ɗaya, wanda zai zauna a bayan gangunan Turawa, waɗanda mutum guda ke kaɗawa hannu da ƙafa. Nan da mako biyar wani babba zai zo daga Katsina da takardar da ba wanda ya taɓa gani, ya aje ta gaban masu nema. Wanda ya karanta ya buga daidai, a ba shi kaki, a ba shi ɗaki a bariki.

Ni kakin bai dame ni ba. Ɗakin nake so, don an ce mani barikin yana bayan asibiti.

Ɗiyata Zinariya tana da ciwon fuka. Shekararta biyu da 'yan watanni a lokacin. Da iska ta yi danshi sai ƙirjinta ya soma wani siririn kuka kamar busar kara, daga nan numfashi ya riƙa shiga yana ƙin fita. Daminar da ta wuce, ranar da abin ya yi tsanani, mun iske rafin da ke tsakaninmu da Kurfi ya cika ya batse. Tun hantsi muke zaune bakin ruwa har la'asar, ina riƙe da ita a miƙe a kafaɗata, leɓunanta sun koma launin toka. Da aka samu muka tsallake, allura ɗaya malamin asibiti ya yi mata, kafin in gama gyara zane ta soma lalubar nono. Ya ce mani irin wannan ciwon ba ya son nisa. Ban manta ba.

Ita ce 'yar farina. Na san abin da ake so in yi: in kau da kai, in bar wa kakarta, kada ma a ji sunanta a bakina. Na gwada, ban iya ba. Iya, uwar maigidana, ta ce ba ta taɓa ganin marar kunya irina ba. Na yarda da ita, na ci gaba da kasa kunne a ƙirjin ɗiyata.

Lokacin bazara ne, zafi ya hana kowa zama wuri ɗaya. Sau biyu a mako maigidana yake aron keke ya tafi wurin Saje. Sauran kwanakin a gida yake koyo. Ya kife ƙwarya biyu, ya ɗora murfin kwano a kan kara, ya sa guntun katako a ƙarƙashin ƙafar dama, ya feƙe sanduna biyu sirara. Ya nuna mani yadda abin yake. Ɗigon ƙasa na ƙafa ne. Na tsakiya na ƙaramar ganga ne. Gicciyen sama na faifan tagulla ne. Akwai kuma layuka a tsaye da suka yanka takardar gida-gida, Saje yana kiran kowane yanki ɗaki, kowane ɗaki kuma bugu huɗu ne. Ni ce mai ajiyar takardar. In ya gama in naɗe ta a tsumma in sa a cikin kwalla, don gara da hannun Zinariya.

Kwana goma na farko yana dawowa da fara'a. Daga nan sai ya soma dawowa ya jingine keke ba magana, ya ture tuwo ya ce ya ƙoshi. In na tambaya ya ce ba komai. Kullum da yamma kuwa gabas sai ta haɗe ta yi baƙi, a yi ta walƙiya can nesa, sannan iska ta watsa hadarin. Ni dai in leƙa sama, in leƙa fuskarsa, in koma in taɓa bayan yarinya. Tuwo biyu na ƙona a makon nan.

Ranar kasuwar Kurfi na kai ƙuli-ƙuli, sai wata ta nuna mani Sajen a rumfar masu taba, dogon tsoho mai murɗaɗɗen gashin baki, yana tsaye ƙyam kamar an ɗaura mashi sanda a baya. Na bar wa maƙwabciyata kayana, na je na durƙusa.

"Baba, ina wuni. Ni ce iyalin Rabe na Rawayau."

"Af, ke ce ke ciyar da makaɗina? Tashi, ɗiyata, ƙasa da zafi."

"Baba, gaskiya na zo nema. Zai ci?"

Ya dube ni, ya dubi goyona. "Hannu irin na mijinki, ko a soja biyu na gani. Ɗigon nan duk ya gane su, ban maimaita mashi ba. Amma in yau za a yi, ya faɗi."

Ya karɓi wani kara ya zana a ƙasa, gajeren layi mai kauri a kwance, da lamba a bisa.

"Kin ga wannan? In an zo nan, begila ke da magana. Ganga ta kama bakinta ɗaki takwas, wani wurin goma sha shida, sannan ta shigo a kan bugun da aka rubuta, ba gaba ba baya. Mijinki ɗaki biyu ba ya cikawa sai in ji ƙwas-ƙwas. In na daka mashi tsawa ya tsaya, sai ya sandare, ƙirga ta tsere mashi, ya faɗo cikin kiɗa kamar akuya ta faɗo rumfar mai tukwane."

"Ba a barin shi ya ɗan taɓa a hankali?"

"Takarda ba ta san a hankali ba. Na Katsinan nan kuwa kunne gare shi kamar na zomo."

Da na dawo gida na iske shi zaune gaban ƙoransa, sanduna a hannu, ƙafa tana ta rawa. Ban ko sauke goyo ba na ce mashi na ga Saje.

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa. Me ya sa ba ka iya yin shiru?"

Ya daɗe yana juya sandar a yatsunsa. Sannan ya ce, "Rekiya, ke ba ki taɓa bin gayya da ganga ba. In ganga ta yi shiru a gona, garma tsayawa take yi. Wanda kake buga wa take ya ɗago ya dube ka, ya ce ka raina shi. Ina da shekara tara na aje gular kiɗa in sha ruwa ana tsakiyar taken Sarkin Noma. Da gular Baba ya buɗe mani goshi, ga tabon nan. Yanzu a ce in zauna da sanda a hannu, mutane na kallo, ina jin kiɗa yana wucewa ba ni ciki? Jikina ne ba ya yarda. Ji nake kamar na tsaya tsirara."

Saura kwana goma sha tara.

Kashegari da hantsi muna surfe mu uku a turmi ɗaya, ni da Kulu, matar wan maigidana, da Hasana maƙwabciyarmu. In mata uku suka haɗu a turmi, kowace bugu ɗaya take yi ta jira biyu. In kin yi gaggawa taɓarya ta haɗu da taɓarya, in an yi rashin sa'a haƙori ya tafi. Muna cikin yi sai goyona ya sassauta, Zinariya ta zamo har ƙugu. Na ja baya da taɓaryata, na jingine ta a kafaɗa, na duƙa na gyara majanyi. Su Kulu ba su cike gurbina ba, haka ake yi, sun bar mani shi a buɗe: dum, dum, shiru, dum, dum, shiru. Na ɗaure, na ɗaga, na faɗa cikin turmin daidai wurina, ko duba su ban yi ba.

Na yi bugu uku ko huɗu, sai na tsaya cak.

"Ke lafiya?" in ji Kulu. "Ko kin tuna bashin kuka ne?"

"Kulu, da na fita yanzu, wa ya gaya mani lokacin shigowa?"

"Aljaninki."

Ba aljani ba ne. Gwiwata ce. Duk lokacin da nake ɗaurin goyo gwiwar nan ba ta daina dakan ba, tana lanƙwashewa a kan kowane gurbi nawa. Hannu ne kaɗai ya fita.

Na jira Iya ta tafi barkar haihuwa a unguwar gabas. Na karɓi taɓaryar Hasana, na je na miƙa wa maigidana.

Ya dube ta kamar na miƙa mashi maciji. "Me zan yi da ita?"

"Daka."

"Kin haukace."

"Wataƙila. Tashi dai. Ba kowa a gidan sai mu."

Kulu ta riƙe ƙugu tana dariya har da hawaye. Tsakaninta da shi akwai wasa, ƙanin miji ne, ba ta raga mashi. "Taso, ɗan angona. In ka iya, gobe in koya maka tankaɗe. Jibi mu kai ka kitso."

"Ke Kulu, ki kiyaye ni."

"Ni da nake shirin ara maka zanen fita?"

Na bayyana mashi abin da nake nufi. Mu uku za mu yi, ni da Kulu da shi. In na ce fita, ya ja baya zagaye huɗu, mu bar mashi gurbinsa, sannan ya shigo ba tare da kowa ya ce mashi shigo ba.

"Naku uku-uku ne," in ji shi. "Na takarda huɗu-huɗu."

"Iya ukun tukuna," in ji Kulu.

Ya leƙa ƙofar gida, ya leƙa ta kan danga, sannan ya tuɓe riga ya karɓa. Shiga turmin bai ba shi wuya ba, makaɗi ne. Da na ce fita ya fita. Zagaye ɗaya, biyu, ina ganin wuyansa ya ƙage, idanunsa sun fito, ya daina ko numfashi. Kafin na uku ya cika ya afko. Taɓaryarsa ta daki ta Kulu, tata ta kuɓuce ta yi sama, turmi ya kife, gero ya watsu har bakin murhu, kaji suka taso.

"Ka ga aikin maza," in ji Kulu tana tsince gero. "Ko a daka sai sun nuna su ne masu gida."

Muka tada turmi muka sake. Na ce mashi kada ya tsaya kamar gawa, ya bar gwiwarsa ta ci gaba da aiki. Sau biyar muka yi, a na shida ya shigo daidai. Ya dube ni, na ga abin ya ba shi mamaki. Muna cikin na bakwai Iya ta yi sallama. Ashe ta manta goron barka.

Ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi ɗanta ba riga, taɓarya a hannu, dusa har gira. Ba ta yi mashi magana ba. Ni ta duba.

"Rekiya, me na yi maki?"

"Iya, karatu ne yake yi."

"Karatu. Ubansa ya yi shekara arba'in yana kiɗa, sarakunan noma na tashi tsaye in ya shigo. Ban taɓa barin shi ya ɗauki ko muciya ba. Ke kin zo shekara uku kin mayar mani da ɗa baiwa." Ta ɗauki goronta ta fita.

Hasana kuwa ta gaya wa mijinta, wai a asirce. Kafin azahar ta kashegari labari ya gama Rawayau. A bakin masallaci wani ya tambayi maigidana ko nawa yake surfa kwano. Wani ya ce matarsa ba ta da lafiya, ko zai leƙo ya taimaka da ribɗi. A makon kuma Sarkin Noma ya aiko a gaya mashi ya ɗaure gangarsa da sabuwar fata, ruwa ya kusa, gayyar farko a gonarsa za a yi.

Ya shigo gida ya tattara ƙoran nan ya mayar mani da su cikin kayan kicin, ya karya sandunan a gwiwa. Ya sauko da gangar ubansa daga rataya.

"Na bari," in ji shi. "Ki mayar wa Saje takardarsa in kin ga dama, tunda kun saba."

Kwana huɗu bai je Dutsin-Ma ba. Kwana huɗun nan ban san abin da na ci ba. In ɗauki tulu in je rijiya in dawo in tarar randa a cike take. In zauna in tashi. Na je har bakin rafin nan ba dalili, na tsaya ina kallon yashinsa a bushe, na san ruwa biyu masu ƙarfi sun isa su rufe shi. Na yi tunanin in ɗauki ɗiyata in koma wurin goggota a Dutsin-Ma, in ga wanda zai hana ni. Na san kuma sati ba zai cika ba za a aiko a maido ni.

Rana ta biyar da la'asar hadari ya taso fiye da kullum. Iska ta juyo da ƙamshin ƙasa, an yi ruwa a wani wuri ba nisa. Zinariya tana wasa da marfin kwalba a gindin rumbu, sai na ga kafaɗunta suna ɗagawa in ta ja numfashi. Ba mai tsanani ba ne, somawa ce. Maigidana yana zaune yana jan tsirkiyar ganga. Na ɗauko ta, na janye gangar daga cinyarsa, na ɗora yarinyar a wurin.

"Me ye haka?"

"Kai ne mai kunne. Saurara."

Ya so ya miƙo mani ita, na koma bakin murhu na ba shi baya. Da na waiga, ya kwantar da kunnensa a bayanta, idonsa a rufe, ita kuma tana wasa da gemunsa. Ya daɗe a haka. Hadarin ya watse kamar kullum, zuwa magariba ƙirjin ya lafa.

Da safe muna shirin zuba gero, sai ga shi ya fito daga ɗaki ba riga. Ya je ya ja asabari ya rufe ƙofar gida, ya dawo ya ɗauki taɓarya.

"Kulu," in ji shi, "in kika yi magana ɗaya sai na gaya wa Yaya inda kike ɓoye man shanu."

"Ni? Bakina alaikum, amarya."

Daga ranar muka ɗora. Zagaye huɗu, takwas, goma sha shida. Kulu ta riƙa jansa da surutu da gangan in ya fita, tana tambayarsa sunan kakar kakarsa, ko guda nawa ne kajin Iya, shi kuma ya amsa yana ƙirge a ciki. Da abin ya zauna sai muka canza. Ya feƙe sababbin sanduna ya koma gaban ƙoransa da takarda, ni da Kulu muka riƙa daka mu biyu, bugu huɗu ɗaki guda, mu ne begilarsa. Sai wata matsala ta fito. In ya bar gwiwa tana aiki, ƙafarsa taka katakon take yi, a wurin Saje kuwa wannan babbar ganga ce za ta yi ƙara. Ya yi kwana biyu yana fama, sannan ya mayar da ƙirgar cikin babban yatsan ƙafarsa, yana matse shi yana saki. Geron wata guda muka dake a kwana goma. Na rarraba wa maƙwabta gari, har da Hasana. Iya ba ta amsa gaisuwata, amma ta daina fita in an soma, tana zama a ƙofar ɗakinta da carbi, ta juya mana ƙeya.

Ran gwaji ya riga ni tafiya da keke tun da sassafe. Na ce wa Iya zan je gaida goggota, na goya Zinariya, na taka zuwa Kurfi na hau motar kaya. Ba a barin mata shiga inda ake yi. Na zagaya bayan katangar bariki na samu inuwar dalbejiya, kusa da wata mai ƙosai, matar wani ɗan doka, ta ce sunanta Sa'adiya.

"Su uku ne," in ji ta. "Na farko ya gama, ɗan wani ofisa ne, ya yi makaranta. Naki wanne ne?"

"Zan gane shi."

Na biyu ya yi nasa, ban ji komai a jikina ba. Aka ɗan tsaya. Sai begila suka ɗauka, ganga ta bi su, tun bugun farko na san hannun. Ban taɓa jin sa a kan gangunan Turawan ba. Ƙasa har motsi take in ya taka babbar. Na tashi tsaye ban sani ba.

Can sai gangar ta ɗauke. Begila suka ci gaba su kaɗai.

Na soma ƙirga da gwiwa. Ɗaki huɗu. Takwas. Na ce yanzu zai shigo, bai shigo ba. Goma sha biyu. Goma sha shida, iyakar abin da muka taɓa yi a gida, na riƙe numfashi. Shiru. Goma sha bakwai, goma sha takwas. A nan ne na gane abin da ban yi tunani ba: daga bayan katanga, wanda ke jiran lokacinsa da wanda aka karɓe wa sanda aka ce tashi, duk ɗaya suke a kunne. Ban ga takardar ba. Ban san lambar da ke kanta ba. Wataƙila tun a takwas ya kamata ya shigo, ya sandare, yana zaune yanzu kowa na kallonsa.

"Zauna mana, baiwar Allah," in ji Sa'adiya. "Kina girgiza yarinya kamar ƙwaryar nono."

Ashirin. Ashirin da biyu. Begila suka hau sama suka ja dogon sauti. Ashirin da huɗu ya cika, sai gangar da faifan tagulla suka faɗo tare da su gaba ɗaya, kamar an saki ƙofa.

Na zauna a kan tushen itacen, gumi har tafin ƙafa. Ban gama sauke ajiyar zuciya ba aka kai wani shirun, gajere. Ɗaki ɗaya, biyu, uku, sai na ji ƙwas, ƙarami, kafin lokaci. Daga nan ya shigo daidai ya kai ƙarshe. Amma na ji shi. In ni na ji daga nan, na Katsina ma ya ji.

An fi sa'a guda ba wanda ya fito. Sa'adiya ta ba Zinariya ƙosai biyu ta ƙi karɓar kuɗina. Na zagaya ƙofar bariki na dawo, na sake zagayawa. A zagaye na uku na yi kiciɓis da Saje Labaran, maigidana a bayansa, riga jiƙe sharkaf.

Na durƙusa. "Baba."

"Ke kuma? Ashe har nan." Ya murɗa gashin bakinsa. "Kin ji ƙwas ɗin?"

"Na ji."

"Na Katsinan ma ya ji. Ya zagaye wurin da jan fensir. Ya ce ɗan ofisan nan bai yi kuskure ko ɗaya ba, amma kiɗansa ko kaza ba zai sa ta ɗaga ƙafa ba. Ya ce a ɗauki naki na gwaji wata uku. In ya sake jin ƙwas ranar da ya dawo, a karɓe kaki."

"Ɗakin fa, Baba?"

Ya yi dariya. "Ka ji ta. Ba ta tambayi albashi ba. Na gwaji ma ana ba shi ɗaki. Na ƙarshe ne, jikin katanga, ƙofarsa ba ta rufuwa sosai." Ya zaro mabuɗi ɗaure da igiya. Ya miƙa wa maigidana, sai ya fasa, ya miƙo mani.

Da ya wuce maigidana ya jingina da bango. "Ashirin da huɗu, Rekiya. Da na ga lambar na ce yau na mutu. Yatsan nan har yanzu ban ji shi ba." Ya juyo ya dube ni. "Wa zai gaya wa Iya? Da Sarkin Noma?"

"Kai."

Ɗakin ƙarami ne, tsohon mai shi ya bar baƙin hayaƙi a bango da karyayyen gado. Na buɗe, na leƙa, na ja ƙofar. Maigidana ya soma maganar inda za a sa randa. Na ce ya jira ni.

Na tsaya a bakin ƙofar na gyara goyo, na ba Zinariya sauran ƙosanta, na kama hanya. Ba gudu na yi ba, tafiya irin ta mai ɗauke da yaro. Na fita ƙofar bariki, na bi jikin katanga, na karya kwana wajen wata rijiya. Ina duba ƙasa ko akwai kwari ko wurin da ruwa zai iya kwanciya. Tudu ne, tsakuwa ce har can. Na hau barandar asibitin ƙosan yana hannunta, ko rabi ba ta ci ba.

Malamin asibiti yana wanke hannu a cikin tasa. Ya ɗago ya dubi goyona.

"Me ya same ta?"

"Ba komai, Malam. Lafiyarta lau."

"To me ya kawo ku?"

"Hanya na zo gani," na ce. "Ranar Juma'a ma kuna buɗewa?"